Dubu Arba'in da Biyun da Aka Rataya wa Mamaci

Zuwa ga Hajiya Kulu,
Uwar Ƙungiyarmu ta Matan Mahauta,
Gidan Dare, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, ranki ya daɗe. Ina gaishe ki da iyali, ina gaishe ki da ɗawainiyar jama'a, Allah ya ƙara lafiya. Ni ce Luba, matar marigayi Bello mahauci, mai dambun nama ta bayan masallacin unguwa. Shekarata goma sha ɗaya a ƙungiyar nan. Sau biyu na zo gidanki a kan maganar da zan faɗa, sau ɗaya kuma na ɗaga hannu a taro aka ce lokaci ya ƙure. Shi ya sa na rubuto a fili, na kuma roƙi a karanta takardar a gaban 'yan'uwa duka, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Zan fara da godiya, domin ba ni da halin mantuwa. A watan Rajab na bara waccan, lokacin da ciwon ƙoda ya kwantar da Bello, likita ya ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Mun sayar da babur, mun sayar da tumaki biyu, kuɗi suka ƙare. Ƙungiyar nan ce ta ba ni rancen naira dubu ɗari uku da sittin, ba ruwa, a kan in riƙa biyan dubu ashirin duk wata har wata goma sha takwas. Na ba da firizar da yake ajiye nama jingina, aka ɗauke ta aka kai soronki. Ke da kanki kika ƙirgo kuɗin kika damƙa mini, kika ce Allah ya tashi kafaɗunsa. Har gobe ina yi miki addu'a a kan wannan.

Allah bai nufa ya tashi ba. Ya cika ranar ashirin ga watan azumi. Kwana uku kafin nan ya kira ni, mahaifiyarsa Inna tana zaune a gefen gado, ya ce, “Luba, wanga bashi nawa na, sunanki kawai anka ara. In Allah ya yi mani cikawa, kada ki bari in kwanta da shi.” Na ce masa ba zai kwanta da shi ba. Kowa a cikinmu ya sha jin malamai suna faɗin halin da mamaci yake ciki matuƙar akwai bashi a kansa. To tun daga ranar ban ƙara ɗaukar kuɗin nan a matsayin nawa ba. Ko a littafin ƙungiya ma, abin da magatakarda Malama Rabi ta rubuta a saman shafin shi ne “Bashin jinyar Bello.”

Ga abubuwan da nake so a duba.

Na ɗaya, yadda aka biya.

Hajiya, ribar dambuna a wata mai kyau ba ta wuce dubu sittin ba, gida kuma mu biyar ne: ni, 'ya'ya uku, da Inna. Dubu ashirin ba ta fita daga irin wannan gida sai an cire ta daga bakin mutane. Na sayar da tukunyar gas na koma gawayi, gawayi ya yi tsada na koma itace. Shayi da burodi na safe muka bar shi, muka koma koko, wani lokaci ba sukari. Shinkafa sai Juma'a. Na cire yara biyu daga makarantar kuɗi na mayar da su ta gwamnati, babbar ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Sabulun wanka sai na raba shi uku da wuƙa kafin ya shiga bayi. Daga Gidan Dare zuwa kwata a ƙasa nake zuwa sayo nama, sai in na ɗauko kaya nake hawa kabu-kabu, shi ma dawowa kawai.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne nama. Gidan mahauci ne fa, gidan da a da maƙwabta ke aiko kwano. Ina dafa nama kullum, ina daka shi, ina soya shi, ƙamshi ya cika gida, amma duk na sayarwa ne. Yarana sun koyi sa romon a tuwo su yi shiru. Babbar Salla biyu ta wuce mu ba layya, ba ɗinki.

Inna kuwa, tsohuwar da ta haura saba'in, ba wanda ya ce ta bar komai. Abu ɗaya take ci don jin daɗi a duniyar nan, goro, tun tana budurwa. Ranar da aka yi addu'ar bakwai ta sa aka wanke mata gwangwanin madara, ta ce, “Ni da goro sai ranar da anka sauke ma yarona kaya.” Duk wanda ya zo gaishe ta ya ba ta ɗari biyu ko ɗari biyar na goro, cikin gwangwanin take sawa. Ƙarshen wata ta juye mini a zane, wani watan dubu biyu, wani watan dubu uku da 'yan canji, sannan ta tambaye ni, “Ɗiyata, nawa yar rage ma Bello?” Sau goma sha shida ta yi mini wannan tambaya.

Da haka aka biya. Wata goma sha takwas, ban tsallake ko ɗaya ba, ban kuma taɓa kawo dubu goma sha tara in ce a yi mini haƙuri da ɗaya ba. A taron Muharram da ya wuce na kai ta ƙarshe. Rasit goma sha takwas suna hannuna.

Na biyu, abin da aka gaya mini bayan na gama.

Na miƙa kuɗin ina jira a ja layi a rufe shafi, sai Malama Rabi ta juya littafi ta nuna mini cewa da saura dubu arba'in da biyu. Na ɗauka kuskuren lissafi ne. Ta ce a'a, tara ce, kuma ƙa'ida ita ce duk mai rance in aka ci ta tara, a kan rancen ake ɗorawa. In ba a cike ba kafin taron wata mai bi, a sayar da jingina. Na tambaye ta tarar me. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Doka ta, Luba. Ba ni niy yi ta ba.” Ban ga laifinta ba, abin da aka ce ta rubuta ta rubuta.

Na uku, tarar rashin zuwa taro, dubu goma sha biyu.

Taro huɗu aka ce na yi fashi, kowanne dubu uku: Shawwal, Zulƙida da Zulhajji na bara waccan, da Muharram na bara. Hajiya, don Allah ki ƙirga daga ashirin ga azumi. Wata huɗu da kwana goma ke nan. Takaba nake yi. Ku da kanku kuka zo mini gaisuwa kuka same ni a kan tabarma, ke kika kawo mini gero da manja. A watannin nan huɗu ma kuɗin ƙungiya bai makara ba, maƙwabciyata Hajara nake ba wa ta kai. Kuɗina ya halarci taro, ni ce addini ya ce in zauna a ɗakina. Ban san a wane littafi matar da mijinta ya mutu take biyan tara don ta yi masa takaba ba.

Na huɗu, tarar anko, dubu talatin.

Biki biyar aka yi a ƙungiya cikin wannan lokaci, ban sayi anko ko ɗaya ba, aka ci ni dubu shida-shida. Wannan ban musa ba. Mafi arhar ankon dubu goma sha huɗu ne, leshin bikin ɗiyarki kuwa dubu ashirin da biyu, ban da ɗinki. Wato da na bi doka, da na kashe sama da dubu tamanin a kan tufafi, biyan wata huɗu ke nan na bashin Bello. Duk lokacin da aka turo hoton atamfa a waya sai in tsaya in auna: ko in sa kaya iri ɗaya da mata na yini guda, ko in rage wa mijina nauyin wata guda. Ba wata shawara mai wuya ba ce.

Kuma ban ƙaurace wa kowa ba. Biki biyu sun faɗo cikin takaba, sauran ukun na je da tsohuwar atamfata. A bikin ɗiyarki kwana biyu na yi a bakin murhu, dambun da manyan baƙi suka yi ta yabo hannuna ne, ban karɓi ko sisi ba. Ba na cikin hoton da aka ɗauka, gaskiya ne, domin mai hoto ya ce marasa anko su ɗan matsa gefe. Na matsa.

Akwai abin da ake faɗa a bayan ido, gara in faɗe shi a gabanki da ladabi. Ke kike saro ankon nan daga Kano, a hannunki muke saye. Ba haramun ba ne ki yi kasuwanci, Allah ya sa albarka. Amma mai sayar da kaya ita ce kuma mai cin tarar wadda ba ta saya ba, wannan bai yi tsari ba, ko da zuciyarki fara ce.

Ni ma ina da nawa laifin. Shekara shida da suka wuce, da aka kawo dokar ankon nan, ina cikin waɗanda suka fara ɗaga hannu. Lokacin Bello na yanka sa biyu a mako, ina ganin wadda ba ta yi anko ba rowa ce kawai ke damunta. Har dariya na yi ranar da wata baiwar Allah ta fita daga ƙungiya a kan tarar biki uku. Ban tambayi abin da ke cikin tukunyarta ba. Na je na nemi gafararta a watan jiya.

Na biyar, abin da kika ce mini.

Da na same ki a gida, kin karɓe ni da mutunci, kika ce, “Ki yi hanƙuri, Luba. In munka ɗauke maki, kowace sai ta ce a ɗauke mata.” Hajiya, in akwai wata da aka ci tara tana takaba, ko aka ci ta tara don ta zaɓi biyan bashi a kan sayen leshi, to ai ita ma ya kamata a ɗauke mata. An kafa ƙungiyar nan don mace ta fita daga bashi ne. Yanzu kuwa wadda ta tsuke bakin aljihunta don ta biya ku, ita ce bashinta ke ƙaruwa.

Ƙanin Bello ya ce zai ranto mini dubu arba'in da biyun a wajen wani dillalin shanu, in ba ku a huta. Na ƙi. Na yi wata goma sha takwas ina haƙa don in fita daga rami, ba zan ci sabon bashi in biya kuɗin zanen da ban ɗaura ba.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

A soke tarar watannin takaba, a kuma rubuta a doka cewa ba a cin mai takaba tara. A ɗauke wajibcin anko a kan duk wadda ƙungiya ke bi bashi har sai ta gama biya. A dawo mini da firizata kafin taron Safar, da ita nake so in fara sana'ar ƙanƙara in mayar da yara makarantarsu. In kuma 'yan'uwa sun zauna sun ga lallai sai na biya tarar anko, to na ji, amma a buɗe mini shafi da sunana, Luba, in riƙa biya da kaɗan-kaɗan. A cire ta daga shafin Bello. Bello bai taɓa ƙin sayen anko ba, bai taɓa fashin taronku ba. Abin da aka ranta don jinyarsa an biya shi har naira ta ƙarshe.

Hajiya, ga dalilin da ya hana ni yin shiru. Ranar da na dawo daga taron Muharram, Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana jira. Ban iya gaya mata gaskiya ba, na ce an gama. Tsohuwar nan ta fuskanci alƙibla ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da yamma ta aika aka sayo mata goro ɗaya, fari, ta ɓare ta ba kowa a gidan, har yara. Kwana tara tana cin goronta. A na goma wata mata ta zo gaisuwa, ta yi suɓutar baki. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da safe na ga gwangwanin madara ya dawo gefen filonta, da naira ɗari biyar a ciki. Ta ce, “Ashe da saura. To ba komi, ɗiyata, mu koma.”

Na rasa yadda zan yi mata bayanin cewa wannan sauran kuɗin leshi ne. Ita abin da ta sani, ɗanta na kwance kuma ana bin sa. Ke uwa ce, kin kuma binne naki. Ina roƙon ki don girman Allah, ranar taron Safar ki ja layi a shafin nan da hannunki, ki biyo ta gidanmu ki gaya wa Inna da bakinki cewa Bello ba shi da bashin kowa. Ni na riga na faɗa mata sau ɗaya, ba za ta ƙara yarda da ni ba.

Allah ya ba ki ikon yin adalci, ya sa shugabancin nan ya zame miki hujja ranar gobe, ya raba ki da kwanciya da nauyin wani. Allah ya jiƙan Bello da dukkan magabatanmu.

Wassalam.

Taki,
Luba, matar marigayi Bello mahauci,
Gidan Dare.