Waƙar da Ba Ta Yabi Kowa Ba

Daren Asabar, unguwar Lamashegu, Tamale

Ni Sadiku, mai digiri a fannin waƙa, wanda malamai suka yi ittifaƙin muryarsa ta cancanci dandalin opera, babbar waƙar Turawa, ina rubuta wannan domin tarihi ya shaida.

Yau na yi wasana na farko a Tamale. Kawu ya riga ya gindaya sharaɗi: in jama'a ba su karɓa ba, Litinin ina shagonsa na kayan babur.

Na rera da Italiyanci, babu lasifika, bisa ƙa'ida. Ina tsakiyar baitin da na fi wahala a kansa, wani tsohon makaɗi ya taso da kalangu yana cewa, "Haba, a bar yaro shi kaɗai kamar maraya?" Jama'a suka miƙe rawa, muryata ta nutse. Tausayina makaɗin ya ji, shi ne abin da ya fi ciwo.

Da aka tashi, Goggo ta riƙe hannuna. "Ɗana, murya kam Allah ya ba ka. Amma ban ji sunan kakan kowa ba. Wa kake yabo?"

Kawu kuwa, makullin shago kawai ya zura mini a aljihu.