Bayan Wace Raga Za Mu Zauna

Zuwa ga ɗana Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da abokan aikinka. Mu nan da sauƙi. Yayarka lafiya lau, ta koma ɗinki. Mijinta ya yi zazzaɓi ya tashi. 'Yarsu tana haƙori, ba ta barin kowa ya huta. Ni ƙafar ce dai, in na daɗe a tsaye sai ta kumbura. Wanda ba shi da lafiya Babanku ne.

Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na shiga aji. Ba na son yin maganar nan a waya, domin tun da idonsa ya ja baya kunnensa ya ƙara kaifi. Ko a kicin na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake.

Mun koma asibiti. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana ganin abin da ke gabansa kamar ta bakin kwalba, kuma ba a sa ran idon zai kai ƙarshen shekara. Ana ɗiga magani safe da yamma. Babanku ya ji duka, ya yi wa likita godiya, a hanya kuma bai yi zancen komai ba sai na ƙwallo.

Ka san ƙungiyar garin nan ta hau babban rukuni bana, bayan shekarun da ta yi a ƙasa. Mai gidan kallo ya rubuta a allonsa, na tsaya na karanta da kaina, na ga ƙungiyarku ce za ta zo mana a wata mai kamawa. Babanku ya ce ko a baro za a tura shi sai ya je, kuma a bayan raga zai zauna.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun farkon kakar wasa, duk ranar da kuke bugawa yana zuwa gidan kallo a ba shi bencin gaba. Ba ya ganin fuska, ba ya ganin lamba, sai launi. Ƙarar janareta da ihun 'yan kallo kuma sun rufe muryar mai sharhi. In ya hangi mai riga daban a cikin raga sai ya ce ga nasa nan. Ranar farko babu wanda ya gyara masa. Daga nan abin ya zauna. Duk sanda baƙon golan nan da aka sayo muku ya kama ƙwallo, sai a juyo ana ba Babanku hannu, ana kiransa da sunansa na wasa, ana cewa Ƙyaure ya haifi ƙyaure. Kowa a unguwa ya san kana benci tun zuwan mutumin. Ni ma na sani, ban ce komai ba.

A talabijin abin ya wuce. A fili ban sani ba, domin can da lasifika ake kiran sunaye. Ka faɗa mini yadda za a yi.

Ka gaishe da matarka. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga ɗana Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa yana nan yadda na faɗa maka, sai dai ƙafata ta ɗan saɓe. Takardarka ta iso ta hannun direba. Yayarka ta taimaka mini a inda ka haɗe baƙaƙe.

Ka ce za ka roƙi koci ya bar ka a gida, mu kuma mu ce ka ji ciwo a gwiwa. Ban yarda ba. Ba a kira wa mai lafiya ciwo, balle wanda gwiwarsa ce gonarsa. Yayarka kuwa cewa ta yi ka roƙi kocin ya sa ka ko na rabin lokaci ne. Mijinta ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ita ta ɗauka babbar gasa layin famfo ce, da za a ce a matsa wa mai tsohon uba ya ɗiba. Ban sa baki ba, don ni ma da farko tunanin da na yi ke nan.

Kai ba ka ga farkon gasar nan ba, ni na gani. Lokacin da aka haɗa ƙungiyoyin garuruwa aka ce a yi gasa ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, Babanku ma'aikacin masaƙa ne. Da safe yana kan inji, da yamma yana raga. A bayan motar kaya suke tafiya wasa, a kan dilolin yadi, su dawo su wuce aiki da ƙurar hanya a kansu. Riguna sha ɗaya ne, mutane sha ɗaya. Ni nake wankewa, ni nake ɗinke lambar da ta ɓalle, shi ya sa na san ɗaya zuwa sha ɗaya tun kafin in san baƙi ko guda. Babu benci a lokacin. Ranar da yatsansa ya karye, da tsumma aka haɗa shi da na kusa aka ɗaure, ya ƙarasa wasan. Shi ne yatsan da ka taso ka gani a karkace.

Daga baya aka kawo canjin ɗan wasa, aka raba gasar sama da ƙasa. Masaƙa ta rufe, 'yan kasuwa suka sayi ƙungiyoyi. Talabijin ta shigo, aka fara ɗauko 'yan wasa daga wasu ƙasashe. Yanzu ku uku ne masu tsaron gida a ƙungiya ɗaya. Lokacin da aka ɗauke ka na gaya masa lambar rigarka, talatin da wani abu, ya ce wannan ai lambar takalmi ce. A wurinsa duk wanda ba ya cikin sha ɗayan farko ɗan kallo ne da aka ba riga. Haka yake faɗa a kan 'ya'yan mutane, a gabanka ma ya sha faɗa. Maganar nan ce take hana ni sukuni, kuma na san kai ma ita ce.

Shekaranjiya saura ƙiris asiri ya tonu a shagon aski. Wani baƙo da bai san zancen ba ya hau yabon golanku, har ya fara ambaton ƙasarsu. Mai aski ya kunna inji a gindin kunnen Babanku, ya shiga yi masa gyaran fuskar da bai nema ba, har baƙon ya fita. Babanku ya dawo gida gefen gemu ɗaya babu.

Ya sa na fito masa da hular da yake sawa a raga, na wanke na shanya. Kullum sai ya tambaya ko ta bushe.

Ka sake tunani. Ni dai ba zan ce kana da ciwo ba.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga ɗana Dogo,

Ina gaishe ka da iyalinka. Haƙorin yarinya ya fito, gida ya yi shiru. Mijin yayarka lafiya. Babanku yanzu sai ya lalubi bakin kofi kafin ya zuba ruwa.

Ba sai ka roƙi kowa komai ba. Jiya da hantsi ina ɗiga masa magani, na ce filin nan akwai matakala da turereniya, ko zai haƙura ya kalla a gidan kallo. Ya ce in daina kewaye-kewaye, shi ido ya rasa ba hankali ba. Ya ce tun wasan farko da aka yi bugun kwana ya gane ba kai ba ne. Wancan yana tsayawa a kan layi kamar mai jiran mota, kai kuwa fitowa kake ka tari ƙwallo, kuma da ƙafar hagu kake tashi, don shi ya koya maka a tsakar gida har kuka fasa mini taga. Na ce to don me yake karɓar hannun mutane. Ya ce da fari shi ma ya so a ce kai ne. Daga baya kuma mutane sun kawo masa alheri har inda yake zaune, da wane baki zai mayar musu? Mai aski ne kaɗai ya ce bai yafe wa ba.

Na tuna masa maganarsa ta ɗan kallo da aka ba riga.  Sai ya ɗaga yatsan nan, ya ce da a ranar akwai wani a benci, da yau yana sa maɓallin rigarsa da kansa. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ga abin da yake so. Ya ce kafin a fara wasa masu tsaron gida suna riga kowa fitowa motsa jiki, kuma na biyu ma yana shiga raga a buga masa. Talabijin ba ta nuna wannan. Shi zai je gani. In ka sa riga mai haske kuma yana kujerar gaba, ya ce idon zai iya. Da an hura usur kuwa ƙungiyar garin nan zai koma bi, kada ka sa ran zai tausaya muku.

Sai dai filin ba kamar da ba ne da mutum zai zagaya inda ya ga dama. An sa wa kujeru lamba, an raba ɓangarori da shinge, wanda ya shiga nan ba ya tsallakawa can. Mijin yayarka ya tambayi masu tikiti ragar da baƙi za su motsa jiki, suka ce sai dai a tambayi ƙungiyarku. Ɗaya tana wajen tankin ruwa, ɗaya wajen allon da ake rubuta ci. In muka zauna a wadda ba ita ba, tsawon fili ne tsakaninku, ko inuwarka ba zai gani ba. Badi kuma ka ji abin da likita ya ce.

Na ce masa tunda babu sauran ɓoye-ɓoye sai ka bugo waya ku yi magana. Ya ce shi tun yana wasa bai taɓa magana da abokin karawa ba kafin a tashi, ba zai fara da tsufa ba.

Don haka ka tambayi wanda ya sani, ka ba direba amsa. Ranar Laraba ake fara sayar da tikiti, kuma kujerun gaba su suke fara ƙarewa. Ka tabbata takardar ta same ni kafin ranar. Ba sai ka yi dogon rubutu ba, tanki ko allo. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, ya ce yana so ya karanta da kansa.

Allah Ya kawo ku lafiya.

Mahaifiyarka.