Zuwa Ga Nathan, Wanda Suka Ce Wa Wawa a Danmak

Jikwoyi, Abuja,
Ranar Alhamis, bayan an tashi daga makaranta.

Nathan, sanyin idona, inuwar mangwarona da tsakar rana, ruwan farkon damina da ke sauka a jar ƙasar Karshi har ƙamshi ya cika gari,

Ina kwana, ko ina wuni, duk wanda ya dace da lokacin da takardar nan za ta iso hannunka. Yaya sanyi? Yaya karatu, yaya baƙunta, yaya kewar gida? Yaya tarin nan da ke kama ka duk lokacin da ka sha ruwan sanyi?

Ka yi haƙuri da rubutun. Shekara biyu muna bin hanya ɗaya zuwa makaranta, ban taɓa iya duban idonka na ƙirga uku ba. Wayar da nake samun saƙonka a ciki ta yayana Elvis ce, kuma ka san shi, sai ya fara saurara kafin ya miƙo mini. Shi ya sa na yago takarda daga tsakiyar littafina. Kawunka Zacharias zai koma Danmak ranar Asabar, ƙanwarka Rita kuma ta yi alkawarin za ta cusa ta tsakanin ƙullin yaji da daddawar da Mamarku ta haɗa maka. In ka ji tana wari, ba laifina ba ne.

Zan faɗa maka wani abu, kada ka yi fushi da Rita. Ta kunna mini saƙon da ka tura mata, wanda ba ni ka tura wa ba. Na ji yadda ka durƙusa har ƙasa don gaida malamarku ranar farko, ta taso da gudu tana zaton faɗuwa ka yi. Na ji yadda ka shiga bas ka gaida mutanen ciki gaba ɗaya, babu wanda ya amsa, har wani mutum ya ɗauki jakarsa ya sake kujera. Na ji sunayen da 'yan ajinku suka sa maka. Ka ce suna kiran ka tosse, wato wawa. Ka ce wani ya nuna kansa da yatsa ya ce akwai ɓeraye a silin ɗinka. Ka ce wata rana sun ce maka klaphat, irin hular da masu kallon ƙwallonsu ke sawa, mai ƙananan hannaye biyu a goshi da ke yin tafi idan an ja zare, kuma duk wanda suka kira da ita sakarai suke nufi. Rita ta yi dariya har ta zube a tabarma. Kai ma dariya kake yi a cikin saƙon, amma ni na san dariyarka ta gaskiya, kuma ba ita ba ce.

Na rubuta kalmomin a bayan littafina na ilimin halittu. Ina maimaita su a raina idan ina sharar aji. Ka san me na gano? Zaginsu ba shi da nauyi kamar namu. Mu nan sai a ce gaɓo, dolo, shashasha, a ce notin kansa ya kwance, mutum ya ji kamar an jefe shi da hoge. Su kuwa hula suka ba ka! Tun ranar, duk lokacin da malamin lissafi ya juya yana rubutu a allo, sai na tsinci kaina a ƙasar da ban taɓa gani ba. Ina hango ka a kan keke, ƙasa fara fat kamar an shanya garin rogo daga nan har ƙarshen duniya, ga teku can gefe yana numfashi, numfashinka kuma yana fita kamar hayaƙin murhu. Hular nan tana kanka, hannayenta suna ta yi maka tafi, suna ta yi, tunda mutanen garin ba su san wanda ke wucewa ba balle su yi masa.

Ka tuna ranar kasuwar Karshi, da ruwa ya tsare mu a rumfar kakata mai doya? Farin wandon makaranta ne a jikinka, ƙasa kuma duk taɓo. Ka duba taɓon, ka duba tsohuwar, ka durƙusa. Ka tambaye ta gajiya, ka tambaye ta ciniki, ka tambayi gwiwarta, ka tambayi gonar, har akuyarta da ta karye a ƙafa ba ka manta ba. Da ka miƙe, gwiwoyinka biyu sun yi jawur. Ni ina bayan tarin doya, na kasa ɗaga kai, zuciyata tana bugawa fiye da ruwan da ke dukan kwano. Bayan ka tafi Kaka ta ce mini yaron nan an haife shi a gida, ya san darajar manya. A ranar ne abin ya same ni, kuma har yau bai sake ni ba.

To yanzu ka ce wa Rita ka koyi hankali. Ka ce kana tafiya kai a sunkuye, kana kiran malamarka da sunanta tsirara kamar sa'arka. Ka ce tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku, mai sanda da ɗan ƙaramin kare, yanzu wuce ta kake yi shiru kamar yadda kowa ke yi. Wannan hankalin, Nathan, har nan ya iso. Da, gaisuwarka kaɗai takan cinye minti huɗu, har Elvis ya yi tsaki ya ce ana ƙarar masa da data. Daga baya ta koma kalma biyu. Yau kwana ashirin da uku ke nan babu ko ɗaya. A ƙarshen saƙon da ka tura wa Rita kuma na ji ka ce: "Ki faɗa wa Asibi ta kama karatun jarrabawarta, kada ta ɓata lokaci a kan tosse."

Wa ya ce maka ɓata lokaci nake yi? Dawa tana ɓata lokaci ne idan ta tsaya a gona tana jiran kaka? Ba na tsoron nisa, ba na tsoron shekarun da za ka yi, ba na ma tsoron 'yan matan can masu gashi kamar gemun masara. Abu ɗaya nake tsoro: ranar da za ka dawo, ka sauka daga mota a bakin titin Jikwoyi, ka wuce mu da ɗaga gira, ya zama wanda nake jira ya rage a can, wani mai kama da shi ne ya zo.

Ban ce ka riƙa durƙusa wa malamarku ba tunda tsorata take yi. Ƙasarsu ce, ka bi su a inda ya kamata. Amma ina roƙon ka abu ɗaya, kuma ban taɓa roƙon ka komai ba. Gobe, idan ka ga tsohuwar nan mai sanda, ka tsaya. Ka gaishe ta da harshensu, ka tambayi ƙafarta, ka tambayi karen. Ka ce mata wata yarinya a Abuja tana gaishe ta. In ta amsa, ka rubuto mini abin da ta ce. In ta yi maka kallon mahaukaci, to ba kai kaɗai ta yi wa ba, mu biyu ne, ka rubuto mini wannan ma.

Sauran abu ɗaya, kuma zan ninke takardar da sauri kafin kunya ta sa na yaga ta. Ina son ka. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Rita.

Taka, bana da baɗi da duk shekarun da Allah zai ara mana, ko ka amsa ko ka yi shiru,

Asibi