Kashi na Ƙarshe Ya Fito, Yaya Hamisu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, yayana Hamisu, a duk inda kake cikin ƙasar Libiya. Na rubuta wannan a fili a intanet ne don lambarka ta daina shiga tun bayan babbar Sallah. Wataƙila Allah ya sa wani ya gani ya nuna maka.

Labarin da zan ba ka ƙarami ne. Wasan nan naka na kwamfuta, na tsoho mai jirgin fito, an fitar da kashinsa na ƙarshe.

Ka tuna yadda ka kawo shi fadarmu ta shan shayi da ke bakin tashar Madawa? Babu bindiga, babu ƙwallo. Aikinka kawai ka tuƙa jirgi a kan kogin da ke ƙafewa, ka ƙetarar da mutane, ka saurari abin da za su ce. Wani lokaci har shayin farko ya nuna ba ka kai gaɓa ba. Ga shi sai an shekara ko fiye kafin masu shi su saki wani kashi.

Kai kana karanta muna yabon da masu sharhi suka yi mishi da Faransanci, suna cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Abokinka Sani shi kuma yana karanta na 'yan wasa da ke ƙasa, masu cewa maganin barci aka sayar musu. Fada ta rabu biyu. Ni ina tsakiya: zanen ruwan yana burge ni, amma yatsuna suna neman abin yi. Abin da kake cewa ɗaya ne: "Wannan ba cinye shi ake ba, zama ake da shi."

Kun tafi tare da Sani. Shi ya dawo da damina, ya rame, ba ya son zancen can. Ya ce mini kun rabu a Sabha kana lafiya, wai iyakar abin da ya sani ke nan. Bai je ƙauyenmu Galma gaida Inna ba. Ita ko duk wanda ta ji ya sauka daga Libiya sai ta aika a tambaye shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai kwamfutar da ka bar mini fada. Gardama ta tashi kamar da. A intanet ma haka ne, masu sharhi na yabo, 'yan wasa na cewa sun yi jiran banza. Sani ya zauna nesa, ya ce shayi ya kawo shi.

Can cikin wasan wata mata ta shigo jirgi. Ta tambayi tsohon ko ya taɓa ƙetarar da ɗanta. Amsa uku aka ba ni: na gan shi, ban gan shi ba, ko in yi shiru. Wasan bai matsa mini ba. Jirgi yana tafiya a hankali, matar tana kallona, ni na kasa taɓa komi.

Ban san sadda Sani ya taso ba. Ya tsaya bayana ya ce in faɗa mata gaskiya, ko kaɗan ce. Na zaɓi na gan shi. Tsohon ya ce ya ƙetarar da shi, amma bai san inda ya nufa ba. Matar ta yi godiya, ta tambayi irin rigar da ke jikinsa.

Har yanzu Sani bai yarda wasa ne ba. Ya ce an yaudari mutane da sunan. Amma washegari ya ɗauke ni a moto muka tafi Galma. Ya durƙusa gaban Inna ya faɗa mata duk abin da ya sani: ɗakin da kuka kwana, ginin da kake aiki, yadda ka koya wa wani ɗan ƙasar Gana dama fura. Inna ta yi dariya, ta yi kuka, ta sa aka yanka mishi zabo. Ranar ta ci abinci sosai.

Yaya, ba sai ka aiko da komi ba. An cire albasa, gero ya isa. Muryarka kaɗai muke so.

Allah ya tsare ka, ya buɗe maka hanya, ya sa Inna ta gan ka da idonta. Amin.

Ƙanenka,
Laminu