Rediyon Kakanka Ba Na 'Yan Gwangwan Ba Ne

Angona Muttaka,

Ina gaisuwa. Yaya Nusaiba da mutanen Badarawa? Lafiya lau nake a Fatakwal, sai rashin abokin hira. Talabijin ɗin kawunka ya cika bango, amma bai jin Hausa.

Na ji Lawrence mai gyara ya ce kamfanin da ya ƙera rediyon marigayi kakanka ya rufe, babu kayan gyaransa, har za ka ba 'yan gwangwan shi. Kul! Rediyon ga ne ya fara magana a garinmu. Shanya batir a rana, ka mari rediyon ta hagu, zai tashi.

Aiko min shi ta motar Kaura. Ko shuu kawai ya yi, muryar gida ce. In ka sayar, aurenmu ya mutu.

Allah ya yi albarka.

Kakarka Kulsumu