Kumatun Mubina

Bakura, Asabar

Zakiyya ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya maigidanki? Mu nan lahiya lau. Na ba Muttaka direba takardar nan don in na kira ki a waya faɗa za mu yi.

Shekaranjiya mun ji ki a rediyo, kina cewa ƙibar yaro ba lahiya ba ce, wai za ku hana sayar da lemon kwalba da alawa a ƙofar makarantu. Muna gidan suna, mata sunka juyo suna kallon Mubina, suna kallona. Shekara huɗu ɗiyarki na hannuna, ko zazzaɓin kirki ba ta taɓa yi ba. Kowa ya ga kumatunta sai ya ce masha Allah. Yanzu ni ce mai cutar da ita?

Allah shi yi miki albarka duk da haka.

Innarki, Hadizatu

Talata Mafara, Litinin

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma neman gafara. Wallahi ba da ke nake ba.

Mun auna yara a makarantu tara, daga nan har Maradun. Masu rama sun fi yawa, kuma ba mu bar su ba. Amma a aji guda za ki ga ramamme kusa da wanda nauyi ya yi wa yawa, abincinsa biskit da taliyar leda. Irin waɗannan ne ke zuwa mana da ciwon suga tun ba su yi aure ba. Shi ya sa muke son a gyara wa kowa lokaci ɗaya: ruwan sha mai kyau a makaranta, wake da zogale, da lokacin wasa a fili.

Inna, da Sallah na ga Mubina ta zauna sau biyu kafin mu kai gidan Kawu, tana haki. Na kasa faɗa miki. Na ji tsoro ne.

'Yarki, Zakiyya

Bakura, Alhamis

Zakiyya,

Na ga saƙonki. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba.

Kin san kina da wa, Tukur, da ya rasu kafin a haife ki. An ce miki ƙyanda ce. Ƙyandar ta warke, tamowa ce ta ɗauke shi. A waccan shekarar damina ta ƙi, muna Damri, rumbu ba komai. Hannunsa ya koma kamar yatsana biyu. In na goya shi sai na taɓa baya in tabbatar yana nan. Ranar da munka rufe shi na yi alkawari ba yaron da zai sake neman abu a gabana in hana shi.

Hakin nata ni ma na gani. Sai na ce zafi ne.

Innarki

Talata Mafara, Juma'a

Innata,

Na karanta a ofis, na rufe ƙofa na yi kuka. Allah ya jiƙan Yaya Tukur, ya sa mai ceto ne.

Shekara biyu ina yi wa iyaye mata bayani suna shiru, ina cewa taurin kai ne. Ban taɓa tambayar ko ɗaya wa ta binne ba.

Laraba za mu tara matan unguwarku a Islamiyya. Ba zan iya zuwa ba, an tura ni Maradun. In za ki iya, ki je. Ba sai kin yi magana ba. Mubina kuma kada a hana ta abinci, a dai rage zaƙi, a bar ta ta fita gaɗa.

'Yarki mai ƙaunarki

Bakura, Alhamis

Ɗiyata,

Na je, kuma na yi magana. Mata shida sunka faɗi sunayen 'ya'yan da sunka binne bayan na faɗi nawa.

Ƙawar tawa Mubina ta yi fushin lemo kwana biyu, yanzu kankana take nema. Jiya da rana ta ture kwano da sauran tuwo, ta ce, "Kaka, na ƙoshi." Na buɗe baki in lallashe ta ta ƙarasa, sai na fasa. Na ɗauke kwanon.

Ki gaida maigidan. Allah shi tsare hanya.

Innarki