Katin Mama da Ke Jakarka

Ƙanena Bitrus,

Ina gajiyar aiki? Yaya Rahila da yara, da ruwan Fatakwal? Mu dai a Samaru lafiya lau, ban da idon Mama.

"Yaya, bar mini, zan sa Mama a inshorar ofishinmu kafin Kirsimeti." Haka ka ce, ka tafi da katinta na ɗan ƙasa. Kirsimeti biyu ke nan.

Jiya na je wurin rajistar inshorar lafiya ta tsofaffi a Sabon Gari. Kuɗin shekara ba zai gagare ni ba, amma sai da katin, kuma bayan rajista sai an jira makonni kafin ta ga likita.

Da yamma Mama kan zauna ƙarƙashin gwaiba, littafin waƙoƙinta a cinya, tana shafa shafukan da ba ta gani. Tana tsara ranar da za a wanke mata ido: za ta fara kallon fuskokin jikokinta, sannan ta zura zare a allura da kanta. Har a coci tana cewa Bitrus ya gama komai.

Ka ba direban mota katin kafin Asabar. In bai iso ba, ranar Lahadi zan zaunar da ita in faɗa mata gaskiya.

Ka gai da kowa, ku sa ta a addu'a.

Yayarka,
Saratu